Yadda za ka naɗi sautin da ke fita daga kwamfutarka bayan ka sabunta Windows

Idanun mahaifina sun yi rauni, ba ya iya zama gaban allo, amma kunnensa garau yake. Shekara da shekaru aikina ne in kunna karatun da malaminsa ke gabatarwa kai tsaye a intanet, in naɗe sautin a kwamfuta, in zuba masa a memorin 'yar rediyonsa ya saurara bayan sallar asuba. Wani dare, kwana biyu da ɗaga babbar manhajar kwamfutar zuwa sabuwa, na kunna komai yadda na saba, na shiga cikin gida cin abinci. Ko da na dawo an tashi daga karatu, awa ɗaya da rabi cur, abin da na tarar a allo kuwa layi ne ɗoɗar kamar an ja zare, ko tari babu a ciki. Da safe ya miƙo mini rediyon, na ce, "Baba, ku yi haƙuri, na jiya bai ɗauku ba." Ya ce, "To, Allah ya kai mu na yau." Bai ƙara ko kalma ba. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin malamin ba ya barin karatun a shafinsa bayan an tashi, wanda ya wuce ya wuce ke nan.

Idan irin wannan ta same ka bayan ka tashi daga Windows 10 zuwa Windows 11, ko bayan ɗaya daga cikin manyan sabuntawar nan na shekara-shekara, ka kwantar da hankalinka. Katin sautinka bai mutu ba, ba ka buƙatar kai kwamfuta wajen mai gyara a goge ta. Akwai hanyar naɗa wadda ba ruwanta da abin da ya ɓace, ta kuma fi tsohuwar kyawun sauti, ita zan fi daɗewa a kai.

Abin da ya ɓace da dalilin ɓacewarsa

Yawancinmu da Stereo Mix muka koyi wannan aiki. A wasu katunan sunansa Wave Out Mix, a na kamfanin Creative kuma What U Hear. Wata kafa ce da ke fitowa cikin jerin makirufo alhali ba makirufo ba ce, aikinta ta juyo da abin da kati ke aika wa lasifika ta mayar da shi ciki. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan kafa ba ta Windows ba ce. Ta direban katin sauti ce, wato 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da katin, wadda a yawancin kwamfutocin da ke hannunmu ta Realtek ce.

Lokacin sabuntawa, ɗaya daga cikin abu uku kan faru. Ko dai a maye gurbin direban kamfani da na gama-gari mai suna High Definition Audio Device, wanda zai ba ka sauti lafiya lau amma babu Stereo Mix a cikinsa. Ko direban yana nan amma kafar ta koma a kashe kuma a ɓoye, yadda take zuwa tun zamanin Windows Vista. Ko kuma komai yana nan, izinin amfani da makirufo ne aka rufe wa manhajarka. Akwai na huɗu da ba a cika lura da shi ba: sabuntawa kan sake yi wa na'urorin sauti rajista, sai manhajar naɗarka ta ci gaba da neman tsohuwar na'ura da sunan da ta sani, ba ta same ta ba.

Windows yana ba ka kwana 10 ka koma tsohon da ka baro, ta Settings, System, Recovery, Go back. Ban ba ka shawarar ka yi haka saboda sauti kaɗai ba. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba, komawa can don Stereo Mix sayar da akuya ne ta dawo tana ci maka danga.

Fara da abu biyu masu sauƙi

Da farko ka tabbatar ta ina sautin ke fita. Shiga Settings, System, Sound, ka duba ƙarƙashin Output wace na'ura aka zaɓa. Rubuta sunanta a takarda daidai yadda yake. Kwamfuta ɗaya na iya samun lasifikar jikinta, iyafis na waya, iyafis na Bluetooth, da talabijin da aka jona ta HDMI, kowanne kuma hanyarsa daban. Faifan shiru da yawa da mutane ke samu daga nan ne: sauti yana fita ta ƙofar gaba, su suna tsaye suna jiransa a ƙofar baya. Idan babbar kwamfutar tebur ce kuma ba a soka komai a ramin sautinta ba, Windows kan ɗauka babu lasifika sam, don haka babu abin da za ka naɗa. Soka ko da tsohon iyafis ne da ya daina aiki a kunne ɗaya.

Na biyu, izini. Shiga Settings, Privacy & security, Microphone. Kunna Microphone access, kunna Let apps access your microphone, sannan ka gangara har ƙasa ka kunna Let desktop apps access your microphone. Wannan na ƙarshen shi ne ya shafi manhajojin naɗar sauti irin su Audacity, shi ne kuma ake mantawa da shi saboda yana can ƙasa. Tun sabuntawar Afrilun 2018 ta Windows 10 wannan makulli ya fara shafar manyan manhajojin kwamfuta, kuma duk kafar da ke cikin jerin makirufo, har da Stereo Mix, a bayansa take.

Hanyar da nake so ka bi: WASAPI a cikin Audacity

Kafin sauti ya kai ga kati, Windows yakan tattara na kowace manhaja ya gauraya su wuri ɗaya, na burauza, na VLC, na sanarwa, sannan ya miƙa wa na'urar da za ta fitar. Tsarin WASAPI, wanda ya zo da Vista, yana barin manhaja ta kwafi wannan gaurayen a daidai wurin. Ana kiran wannan kwafi loopback. Stereo Mix kamar tara bokiti ne a bakin famfo, idan famfon ya samu matsala ko aka canza shi, shi ke nan. Loopback kuwa ɗiba ne daga cikin tankin kansa. Shi ya sa bai damu da wane direba ke kai ba, kuma yana aiki da iyafis na USB, da na Bluetooth, da HDMI, waɗanda Stereo Mix ba ya jin komai daga gare su domin sautinsu ba ya bi ta katin cikin kwamfuta.

Audacity kyauta ne, yana kuma da wannan damar tun sigar 2.0.4 ta shekarar 2013. Ka sauke shi daga shafin masu shi, audacityteam.org, kada ka ɗauko daga shafukan da ke cusa wasu tarkace a ciki. Sunayen da zan ambata na Audacity 3 ne, daga 3.2 zuwa sama, inda aka tattara saitin sauti a maɓalli ɗaya mai suna Audio Setup a saman allo. Idan naka ya girmi haka, abubuwan nan suna jere a wani layi a ƙarƙashin maɓallan naɗa.

Jona iyafis ko lasifikar da za ka yi aiki da ita tukuna, sannan ka buɗe Audacity. Yana karanta jerin na'urori ne lokacin da ya tashi. Idan ka jona bayan ya buɗe, danna Audio Setup ka zaɓi Rescan Audio Devices.

Danna Audio Setup, je Host, zaɓi Windows WASAPI. Yawanci za ka tarar yana kan MME, kuma muddin yana can ba za ka taɓa ganin loopback ba.

Koma Audio Setup, je Recording Device. Yanzu jerin ya canza, za ka ga sunayen lasifikoki da iyafis a cikinsa, kowanne da kalmar loopback a ƙarshen sunansa. Ɗauko takardar nan da ka rubuta suna, ka zaɓi wanda ya yi daidai da ita. A nan ake yin kuskure, domin sunayen kan yi kama da juna, wani lokaci ma tsawonsu ya sa ƙarshen ya yanke. Ka natsu ka karanta.

Sai Recording Channels, wato adadin layukan sauti, ka zaɓi 2. Ko da muryar mutum ɗaya za ka naɗa, kada ka zaɓi 1 a nan. Loopback yana son adadin layukan su yi daidai da na na'urar da ke fitar da sautin. Idan iyafis ɗinka irin na masu wasan gem ne da ke nuna kansa a matsayin mai layi 8, to 8 za ka zaɓa, ko ka shiga saitinsa ka mayar da shi mai layi biyu. Mayar da sauti layi ɗaya aikin bayan naɗa ne.

Akwai wani makulli da dole ya kasance a kashe. Shiga Transport, Transport Options, ka cire alama daga Software Playthrough, wanda a sababbin sigogi aka sake wa suna Enable audible input monitoring. Aikinsa ya jiyar da kai abin da kake naɗa. A wannan yanayin, abin da ya jiyar da kai zai sake shiga cikin naɗin, ya sake fitowa, ya sake shiga, har ya zama amsa-kuwwa sannan ƙara mai huda kunne. Kai da ma kana jin sautin kai tsaye daga burauza, ba ka buƙatarsa.

Yanzu kunna abin da kake son naɗa, ka bari ya fara magana, sannan ka danna jan maɓallin naɗa ko harafin R. Wannan jerin yana da dalili. Loopback ba ya samun komai idan babu manhajar da ke aika sauti, sai ka ga Audacity ya tsaya cak kamar ya daskare, layin ba ya tafiya. Bai lalace ba, jira yake. Da zarar sauti ya zo zai ci gaba. Wannan hali nasa yana da amfani wani lokaci, yana da illa wani lokaci. Idan intanet ta yanke a tsakiyar karatu, yakan tsaya ya jira maimakon ya cika maka faifai da shiru. Amma idan kana son tsawon naɗin ya yi daidai da agogo, ko za ka bar shi ya fara da kansa kafin a soma shirin, sai ka yi masa dabara: a Audacity shiga Generate, Silence, ka samar da shiru na minti goma, ka fitar da shi a matsayin fayil, ka kunna shi a VLC yana maimaita kansa. Kunnenka ba zai ji komai ba, amma Windows yana ganin akwai sauti a hanya, naɗi ba zai tsaya ba.

Bari ya yi daƙiƙa talatin, ka tsayar da shi da dogon maɓallin nan na tazara, ka dakatar da burauza, ka saurari abin da ka ɗauka. Saurara da kunnenka. Ganin shuɗin zane yana hawa da sauka a allo alama ce mai kyau, amma bai gaya maka ko muryar tana karkarwa ko tana tsinkewa ba. Tun daren nan ban ƙara barin kwamfuta tana naɗa na tashi ba sai na yi wannan gwaji, ko da jiya-jiya ta yi aiki.

Dubi ma'aunin ƙarfin sauti da ke sama lokacin gwajin. Inda murya ta fi ƙarfi ya riƙa kai wa wajen -6, kada ya daki 0 ya yi ja, domin sautin da ya fashe a naɗa ba ya gyaruwa. Maɓallin rage ƙarfin naɗa na Audacity sau da yawa ba ya aiki a loopback. Inda za ka rage ko ka ƙara shi ne a cikin abin da ke kunna sautin, wato maɓallin ƙara na bidiyon, ko a Volume mixer na Windows inda kowace manhaja ke da nata. Babban maɓallin ƙara na kwamfuta kuwa, a wasu na'urori ba ya shafar naɗin sam, a wasu yana shafa. Gwada naka: rage shi kana naɗa ka ga ko zanen ya ƙanƙance. Idan bai ƙanƙance ba, to ka huta, za ka iya naɗa cikin dare ba ka tashi kowa ba.

Idan ya ƙi farawa

Saƙon da ya fi fitowa shi ne Error opening recording device, da lamba a gefensa, kuma lambar tana da ma'ana. Idan -9996 ce, na'urar da ka zaɓa ba ta nan, ka cire ta ko sunanta ya canza, sai ka yi Rescan ka sake zaɓa. Idan -9998 ce, adadin layuka ne bai dace ba, koma Recording Channels. Idan -9999 ce, Windows ne ya ƙi buɗe ƙofa, fara da duba izinin makirufo, sannan ka rufe duk wata manhajar da ke iya riƙe da na'urar.

Lambar -9997 ta saurin ɗaukar sauti ce, ita ke buƙatar ɗan bayani. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mmsys.cpl, danna Enter. Tsohon allon saitin sauti zai buɗe, wanda har yanzu ya fi sabon cika. A shafin Playback danna na'urarka sau biyu, je Advanced, ka ga abin da ke ƙarƙashin Default Format, galibi 48000 Hz ne, wani lokaci 44100 Hz. Koma Audacity, Audio Setup, Audio Settings, ka sa Project Sample Rate ya zama wannan lambar.

Tun da kana shafin Advanced, cire alama daga Allow applications to take exclusive control of this device. Idan wata manhaja ta kama na'urar ita kaɗai, sautinta yana tsallake wurin gaurayawar nan ne ya wuce kai tsaye, kai kana ji a kunne amma loopback ba ya samun komai. Wasu manhajojin kiɗa da na haɗa sauti suna yin haka.

Share hanya kafin dogon naɗi

Loopback ba ya zaɓe. Duk abin da ya fita ta wannan na'ura zai ɗauka, har da ƙarar shigowar saƙon WhatsApp da 'yar ƙarar da kwamfuta ke yi idan an soka filash. Na taɓa jin faifan da aka naɗa da kyau, ana tsakiyar jan aya sai ga ƙarar saƙo sau uku a jere, kuma ba yadda za a cire ta ba tare da an taɓa ayar ba. A cikin mmsys.cpl je shafin Sounds, ƙarƙashin Sound Scheme zaɓi No Sounds. Kunna Do not disturb. Rufe WhatsApp da Telegram na kwamfuta gaba ɗaya, da duk wani shafin burauza da ba ka buƙata, domin talla na iya tashi da kanta.

Shafi na ƙarshe a allon mmsys.cpl, Communications, yana da wani saiti da ke zuwa a kan rage sauran sautuka da kashi 80 cikin ɗari duk lokacin da Windows ya ga kamar ana kira. Shi ke sa murya ta nutse farat ɗaya a tsakiyar naɗi ba ka san dalili ba. Zaɓi Do nothing.

Sabon direba kan zo da kayan ƙawata sauti a kunne. A Settings, System, Sound, danna na'urarka, ka kashe Audio enhancements da Spatial sound. Suna iya shiga cikin naɗin su sa murya ta yi kamar daga cikin randa take fitowa.

Iyafis na Bluetooth yana da tasa rigimar. Muddin wata manhaja ta buɗe makirufon jikinsa, sai ya sauka zuwa yanayin kiran waya, sautin ya dushe, wani lokaci naɗin ya katse. Idan abin da za ka naɗa ba ya maimaituwa, yi amfani da iyafis mai waya ko lasifikar kwamfutar, ka kashe Bluetooth ɗin. Kada kuma ka soka ko ka zare iyafis ana cikin naɗa, domin sauti zai koma wata na'urar ya bar ka kana tarar iska.

Magana ɗaya da ba ta saiti ba: abin da kwamfuta ta iya ɗauka daban, abin da ya halatta ka ɗauka daban. Idan taron Zoom ne ko kira, gaya wa mutane kana naɗa kafin ka fara. Idan karatu ne ko shirin wani, naɗa don sauraron gida abu ɗaya ne, yaɗawa ko sayarwa ba da izinin mai shi ba cin haƙƙi ne.

Idan lallai Stereo Mix kake buƙata

Wasu manhajoji ba su san loopback ba, makirufo kawai suke gani, kamar Sound Recorder da ke zuwa da Windows 11. Ga irin waɗannan, gwada dawo da shi. Buɗe mmsys.cpl, je shafin Recording, danna ɓangaren dama na linzami a farin wurin da babu rubutu, sa alama a Show Disabled Devices da Show Disconnected Devices. Idan Stereo Mix ya bayyana a dushe, danna shi da dama ka zaɓi Enable. Shiga Properties, Levels, ka ɗaga shi. Kada ka taɓa Listen to this device a kansa, ƙara za ta tashi. Kada kuma ka mayar da shi Default Device, in ba haka ba gobe ka shiga taro kana ta magana ba mai jinka, sai sautin kwamfutarka suke ji. A cikin manhajar naɗar kawai za ka zaɓe shi. Ka tuna shi yana bin babban maɓallin ƙara a yawancin katuna, idan ka kashe sauti shiru zai ɗauka.

Idan bai bayyana ba, duba direba. Danna tambarin Start da dama, zaɓi Device Manager, buɗe Sound, video and game controllers. Idan High Definition Audio Device kawai ka gani, na gama-gari ne ke kai. A Properties, shafin Driver, akwai Roll Back Driver, amma bayan babbar sabuntawa sau da yawa a dushe yake. Leƙa Windows Update, Advanced options, Optional updates, ko akwai direban sauti a can. Idan babu, juya laftof ɗin ka karanta ainihin lambar samfurinsa a ƙasa, ka je shafin kamfanin da ya ƙera shi, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka sauke direban sauti na wannan samfurin. Yawancin kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su tsofaffi ne, ƙila ba za ka ga direban Windows 11 ba, na Windows 10 galibi yana hawa. Ka guji manhajojin nan masu alƙawarin sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya. Bayan an girka, sake kunna kwamfuta ka koma shafin Recording.

Idan ka yi duk wannan bai fito ba, bar shi haka. Wasu sababbin laftof ba su da shi ko da direban kamfaninsu, kuma wata sabuntawar na iya sake ɗauke wanda ka sha wahalar dawowa da shi.

Kebul ɗin da ba a gani, da sauran hanyoyi

Madadin Stereo Mix shi ne manhajar VB-CABLE na kamfanin VB-Audio, ana sauke shi kyauta, wanda ya ga dama ya ba da gudummawa. Yana ƙirƙiro lasifikar ƙarya mai suna CABLE Input da makirufon ƙarya mai suna CABLE Output, duk abin da ka zuba a ta farko zai fito ta na biyu. Warware fayil ɗin zip gaba ɗaya, danna VBCABLE_Setup_x64 da dama, zaɓi Run as administrator, danna Install Driver, ka sake kunna kwamfuta. Idan ta tashi ka ji ba sauti kada ka firgita, Windows ne ya mayar da Output kan sabon kebul ɗin, mayar da shi lasifikarka.

Daɗin wannan hanya shi ne tana raba maka sauti. Kunna bidiyon a burauza, shiga Settings, System, Sound, Volume mixer, nemo burauzar, ka sa Output device nata ya zama CABLE Input. Ita kaɗai za ta bi ta kebul, sanarwa da komai su bi ta lasifika. A manhajar naɗa zaɓi CABLE Output. Don kai ma ka ji, je shafin Recording na mmsys.cpl, Properties na CABLE Output, shafin Listen, sa alama a Listen to this device, ka zaɓi lasifikarka da sunanta a ƙasa. Idan ka gama, ka tuna ka mayar da burauzar yadda take.

Mai son haɗa muryarsa da sautin kwamfuta, kamar malamin da ke bayani a kan bidiyo, OBS Studio, wata manhajar naɗar allo da sauti, ya fi masa sauƙi, domin Audacity na'ura ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. OBS yana da Desktop Audio da Mic/Aux gefe da gefe, kuma tun sigar 28 ta 2022 yana iya ɗaukar sautin manhaja ɗaya tak ta Application Audio Capture. Idan ya yi shiru bayan sabuntawa, shiga Settings, Audio, ka sake zaɓar na'urorin.

Masu Ubuntu da suka haye zuwa 22.10 ko sama, an canza musu tsarin sauti daga PulseAudio zuwa PipeWire, amma dabarar tana nan: girka pavucontrol, fara naɗa, je shafin Recording, ka zaɓi wanda sunansa ya fara da Monitor of. Masu Mac da Soundflower, irin wannan kebul ɗin da ba a gani, ya daina yi musu aiki, BlackHole ne magajinsa, ana haɗa shi da lasifika ta Multi-Output Device a cikin Audio MIDI Setup.

Daren naɗi, da fitar da fayil

Jona caja, ka tabbatar batir ya cika tun da rana, domin ba ka san lokacin da za a ɗauke wuta ba. A saitin Power ka sa Sleep ya zama Never, kada ka rufe murfin laftof. Duba wurin da ya rage a faifan C: Audacity yana cin kusan gigabait 1.2 a kowace awa a kan 44100 Hz, kusan 1.4 a kan 48000 Hz, gyare-gyare kuma suna ƙara masa. Idan ba za ka zauna ba, Timer Record da ke ƙarƙashin Transport, Recording, zai fara ya kuma tsaya a lokacin da ka sa masa. Idan kwamfuta ta mutu ana tsaka da aiki, buɗe Audacity da zarar ta tashi, zai nuna maka abin da ya tsira, ka karɓa kafin ka yi komai.

Da ka tsayar, fara da File, Save Project, a kan faifan kwamfuta, domin Audacity 3 ba ya ajiye aikinsa a filash mai tsarin FAT32. Wannan fayil mai ƙarewa da aup3 Audacity kaɗai ke buɗe shi, ba shi za ka tura wa kowa ba. Yanke surutun farko da na ƙarshe. Zaɓi duka da Ctrl da A, nemo Normalize a ƙarƙashin Effect, ka bar shi a -1. Idan magana ce zalla, shiga Tracks, Mix, Mix Stereo Down to Mono.

Sannan File, Export Audio, zaɓi MP3. Ga karatu ko lacca, 64 kbps a layi ɗaya ya wadatar, awa guda ba ta kai megabait 30 ba, za ta tafi ta WhatsApp ba ta cinye data ba. Ga waƙa ko abin da ke da kiɗa, 128 zuwa 192 a layi biyu. Idan ƙaramar rediyo mai memori ce za ta karanta, zaɓi Constant a Bit Rate Mode da 44100 Hz, su suka fi karɓuwa a wajen irin waɗannan na'urori. Sunan fayil ya fara da lamba, 01, 02, 03, kuma ka bar haruffa masu lanƙwasa irin su ɗ da ƙ, domin ƙananan allunan nan ba sa nuna su. Kafin ka miƙa memorin, saka shi a rediyon da kanka, ka ji farko, ka tsallaka tsakiya, ka ji ƙarshe inda malam ke rufewa da addu'a.